Malam Tafireta da Ɗakin da Aka Karɓe Masa

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Tafireta, sunan kuwa ya manne masa kamar ƙarangiya a riga, har ta kai matarsa ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa. Gajere ne kakkaura, hularsa kullum a karkace. Kafin ya yi wa yaro faɗa sai ya yi gyaran murya ya ce, "Kai! Kai! Kai!" Duk wanda ya ji wannan ya san yau tasa ta same shi. Tun yana saurayi ba a san shi da fara'a ba, amma ba a san shi da ha'inci ko makara wurin aiki ba.

Sana'ar gado ya yi. Mahaifinsa a barandar kotu yake zama da wata tsohuwar tafireta yana buga wa mutane takardu. A gindin teburin nan Malam ya taso, yana miƙa takarda yana sauya ƙyallen tawada, har yatsunsa suka san mazaunin kowane baƙi tun bai gama firamare ba. Da ya girma ya shiga makarantar koyon aikin ofis, ya fito da sakamako mai kyau, aka ɗauke shi koyarwa a wata sakandare ta maza da mata.

Ɗakinsa shi ne na ƙarshe a jerin azuzuwan manya. Dogo ne mai tagogi gefe biyu, tebura a jere, kowanne da tafireta a lulluɓe da mayafi mai ruwan toka. Da ka shiga warin man keke da na tawada ne za su tare ka. Idan aji ya kama bugu sai ka rantse ruwan sama ne ke sauka a kan kwano. Shi kuwa yana zagayawa da rula a hannu, duk wanda ya sunkuya ya leƙi yatsunsa sai ya ji ta a bayan hannu. Yara na tsoronsa, amma waɗanda suka bi ta hannunsa sun cika ofisoshin garin. In ya je asibiti ko banki ba ya bin layi, sai wata ta taso daga bayan tebur tana cewa, "Malam, ba ka gane ni ba?"

Sai zamani ya soma juya masa baya. Masu zaɓen darasinsa suka riƙa raguwa. Ƙyallen tawada ya ɓace a kasuwa, ya koma jiƙa tsofaffin da tawada da hannunsa, kullum farcensa baƙi ƙirin. Daga ƙarshe aka cire darasin daga jarrabawa gaba ɗaya, aka ba shi ilimin kasuwanci a ƙananan azuzuwa. Ya haƙura, tunda an bar masa makullin ɗakin. Kowace safiya yakan buɗe, ya kaɗe ƙura, ya ɗiga mai, ya mayar da mayafai, ya rufe.

Gidansa da na ƙanensa, wanda kowa ke kira Direba saboda motar haya da yake ja, katanga ɗaya ta raba su, da 'yar ƙofa a tsakiya wadda ba a taɓa sa mata sakata ba. Direba yana da 'ya mace, ta fari. Malam ne ya riƙa goya ta a babur zuwa makaranta, shi ne kuma ya tsaya kai da fata sai ta wuce jami'a. Ta karanci ilimin kwamfuta, dangi suka sa mata Injiniya, da farko da wasa, daga baya ya zama suna.

Wata safiya Shugaban makaranta ya tara malamai ya yi musu albishir. Wata ƙungiya ta ba makarantar kwamfutoci da wutar sola, za a soma koya wa yara rubuta manhaja, wato yadda ake tsara wa kwamfuta umarni ta yi aikin da ake so. An ma ɗauki malamar da za ta koyar. Ya yi alama da hannu, sai ga Injiniya ta shigo tana sunkuyar da kai.

"Ɗaki kuma," in ji Shugaba, yana kauce wa idon Malam, "babu mai faɗi da iska kamar na tafireta. Malam, za ka taimaka mana da makulli."

Malam ya dubi Shugaba, ya dubi yarinyar da ya goya a babur. Ya zare makullin daga cikin zoben makullansa ya ajiye a kan tebur a hankali, ya fita ba sallama.

Yana tsaye aka kwashe tafiretocin zuwa sito, aka jibge su kusa da karyayyun kujeru. Ɗaya ta suɓuce wa masu ɗauka, ta daki siminti, 'yar ƙararrawarta ta yi ƙara, yara suka kwashe da dariya. Wannan dariyar ta fi masa ciwo a kan karɓe ɗakin.

Da yamma Injiniya ta shigo ta 'yar ƙofar nan ta durƙusa a gabansa.

"Baffa, ina wuni."

"Lafiya."

"Baffa, wallahi Baba ne ya ce in bari shi zai gaya maka da bakinsa. Ban san bai faɗa ba. Kuma ban san ɗakinka za a ba ni ba sai yau."

"Ɗakina? Ina da ɗaki ne? Ai na gwamnati ne. Ta ba wanda take so."

"Na zo ne da wata shawara. Yaran nan da yatsa ɗaya suke bugu kamar kaza na tsince hatsi. Jerin baƙaƙen kwamfuta da na tafireta ɗaya ne. Da za ka riƙa shigowa kana koya musu ɗora yatsu, ni kuma in ɗora daga nan."

Malam ya yi wata dariya mara daɗi. "Ashe abin ya kai nan. Ni zan zama yaronki? In share miki hanya ki wuce? Jiya-jiya nake share miki majina a kan babur."

"Ba haka nake nufi ba, Baffa."

"Tashi ki ba ni wuri. A gida ni Baffanki ne, ba yadda zan yi. A makaranta kada ki nuna kin san ni."

Matarsa, wadda ke tankaɗe a bakin madafa, ta ce, "Malam, yarinya ta zo da ladabi, ka kore ta kamar ta yi maka sata?" Ya ce in ta matsu ta bi ta.

Shugaba ya so ya lallashe shi, sai ya naɗa shi malamin horo, ya damƙa masa makullin ƙofar ƙarfen da ke rufe jerin azuzuwan manya gaba ɗaya. An ba kura ajiyar nama ke nan, domin duk mai zuwa ɗakin kwamfuta sai ya bi ta wannan ƙofar.

Bayan darasin da ke cikin jadawali, Injiniya ta kafa ƙungiya ta masu son ƙarin koyo bayan an tashi. Nan Malam ya kafa tarkonsa. Ran da ƙungiya za ta zauna, ran ne ciyawar filin ƙwallo ke bukatar yanka, kuma 'yan ƙungiyar ne ake samu da laifin rashin cusa riga a wando ko barin farce. Wani lokaci ya rufe ƙofar ƙarfe ana tashi ya ce ya manta, ya tafi gida da makulli. Injiniya ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. In ta tarar da ƙofa a rufe sai ta zaunar da yaran a gindin bishiya, su rubuta umarninsu a takarda, ɗaya ya zama kwamfuta yana bin abin da aka rubuta tiryan-tiryan. In an ce ya yi gaba ba a ce ya tsaya ba, sai ya yi ta tafiya har ya yi karo da bango, su yi ta dariya, su gyara.

Wani lokaci Malam yakan raɓe ta taga kamar mai wucewa ya leƙa. An yi wa ɗakin farin fenti, an sa fanka. Babu warin mai, babu ƙarar ruwan sama, sai 'yar ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali. Can sai wani yaro ya zabura ya yi ihu, "Ta yi! Malama, ta yi!" sauran su taso su yanyame shi. Ya ga malama ta durƙusa kusa da kujerar ɗalibi. Ya ji ɗaliba ta ce mata, "A'a Malama, ba nan kuskuren yake ba," ita kuwa ta ce, "Gaskiyarki, nuna mini." A wurin Malam wannan ba aji ba ne, kasuwa ce. Yana ganin ranar da yaro ya soma gyara wa malami, ranar tarbiyya ta yi sallama da makaranta.

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, tana ajin kusa da na ƙarshe a makarantar. Yarinya ce shiru-shiru, mai son zane, bayan littattafanta duk fuskokin mutane ne. Tun ranar farko ya ja mata kunne.

"Darasin da ke cikin jadawali ba ni da ikon hana ki. Amma in na ga ƙafarki a ƙungiyar nan, sai na karya ta."

Ta ce, "To, Baba."

Ana cikin haka aka sanar da gasa tsakanin makarantu. 'Yan ƙungiyar suka ɗauki aikin wata manhaja da za ta taimaka wa ɗalibi bitar tambayoyin jarrabawa a waya ko da babu intanet. Makaranta ta ɗauka, har Shugaba ya soma zancen a taron safe. Malam ya ga in aka ci gasar nan, shi ke nan an binne shi da ransa. Sai ya jira taron iyaye da malamai.

Ranar taron ya sa babbar rigarsa, ya nemi izinin magana. Bai yi ƙarya ba, amma ya san inda zai taɓa.

"Iyaye, ni ba na gaba da ilimi. Gashin kaina a aji ya yi fari. Tambaya kawai zan yi muku. Bayan an tashi, malamai sun watse, 'ya'yanku maza da mata suna ɗaki ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, gaban allon da ke iya nuna duk abin da ke duniya, mai kyau da mummuna. Mai lura da su yarinya ce da ba ta fi su da komai ba. Wa ya san abin da suke kallo? Kai ka sani? Ke kin sani? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni dai na hana tawa 'yar. Kowa ya yi da nasa yadda ya ga dama."

Wuri ya kaure. Wani ya ce ɗansa ya daina taya shi zaman shago. Wata ta ce tata 'yar sai yamma liƙis take dawowa. Injiniya ta miƙe tana bayani cewa an toshe duk shafukan banza, kuma ƙofa a buɗe take ga duk uban da ke son shigowa ya gani, amma muryarta ta nutse a cikin hayaniya. Wani ya ce, "Baffanta ma da ya san ta bai yarda da ita ba, sai mu?" Shugaba mutum ne mai gudun rigima. Ya ce an dakatar da ƙungiya sai an yi bincike. Binciken bai ƙare ba har ranar gasa ta zo ta wuce.

Washegarin taron Injiniya ta tare shi a baranda. Idanunta sun kumbura.

"Malam," ta ce, domin ya hana ta ce masa Baffa a nan, "in ni ce na yi maka laifi, ni za ka hukunta. Yaran nan me suka yi maka?"

"Gyara nake yi."

"Ka san babu abin da suke kallo. Kullum kana bakin taga, ina ganin hularka. A gaban mutane ka zubar mini da mutunci, kai da ka rene ni."

"Kai! Kai! Kai! Ni kike gaya wa magana?"

"Ban gaya maka magana ba. Allah ya isa ne kawai ba zan iya ce maka ba."

A gida Direba ya shigo ko makullin mota bai ajiye ba. "Yaya, 'yar taka ka tsaya gaban jama'a kana yi wa wannan shaidar? Gobe wa zai kalle ta da daraja?"

"Da ka san darajar ai da ka gaya mini za ta karɓe mini ɗaki, ba ka bar ni na ji a gaban yaran malamai ba."

"Tsoron wannan halin naka ne ya hana ni! Tafireta ta mutu, Yaya. Ba 'yata ta kashe ta ba. Ni ma motar da na koyi tuƙi da ita tana bola, ban bi masu sababbi da duka ba."

Ranar Malam ya samo sakata ya kafa wa 'yar ƙofar tsakiya. Daga nan in matan gidan biyu za su ari gishiri sai sun zagaya ta titi.

A makaranta kuwa yara suka ɗauke masa gaisuwa. In ya doso su watse, in ya juya baya ya ji tsaki, ya waiga bai ga mai yi ba. Bai damu ba, ya ce tsoro ma ladabi ne.

Da aka dawo sabon zango ya lura da wani abu. Duk inda ya bi sai ya ga yara sun haɗa kai a lungu suna ƙyalƙyala dariya, da sun hango shi su yi tsit. Rannan lokacin hutun tara ya zagaya ta bayan ɗakin gwaje-gwaje a hankali, sai ya ji muryarsa, tasa ta kansa, tana fitowa daga tsakiyar wasu samari: "Kai! Kai! Kai!" Ya yi tsalle ya cafke wayar.

Wasa ne irin na waya. Ga wani ɗalibi yana gudu a baranda yana tsallake bokitai da kujeru, yana son ya kai wata ƙofa mai hoton kwamfuta. A bayansa ga wani gajeren mutum kakkaura, hula a karkace, rula a hannu ɗaya, tarin makullai a ɗaya. In ya kama yaron sai ya ɗora masa tafireta a ka, 'yar ƙararrawa ta yi ƙara. A sama an rubuta: Gudu, Ga Malam Nan! Abin da ya fi tsaya masa a rai, mutumin cikin wasan sanye yake da singileti mai huda a kafaɗa da silifa da aka ɗaure da waya. Waɗannan kayan a tsakar gidansa kawai yake sa su.

Ya shiga ofishin Shugaba ba sallama, ya dangwara wayar a kan tebur, yana haki.

"Ga abin da ake koyarwa! Wa ya san ni da wannan singiletin in ba 'yar gida ba? Ita ce ta zana ni ta raba wa yara don ta rama. Yau sai an zaɓa, ko ni ko ita. Duk ɗalibin da ke da hannu a ciki kuma a kore shi, ko ɗan wane ne. Ko ɗan wane ne, na ce!"

Shugaba ya sa aka kira Injiniya da duk 'yan tsohuwar ƙungiya, aka tara su a ofishin malamai. Injiniya ta karɓi wayar ta duba, fuskarta ta sauya.

"Wallahi yau na fara ganinsa. Kuma ban ji daɗinsa ba." Ta juya wurin yaran. "Abin da na koya muku ke nan? Ku ci mutuncin malaminku? Wa ya yi?"

Malam ya ce in ba su faɗa ba a kore su duka. Shugaba ya soma share gumi. Sai aka ji murya daga bakin ƙofa, inda sauran ɗalibai suka taru suna leƙe.

"Ni ce."

Auta ce ta ratso ta shigo, ta tsaya a tsakiya hannuwanta a baya.

"Ke kuma me ya kawo ki?" in ji Malam. "Fita, ba da ke ake ba."

"Ni na yi shi, Baba. Ni na zana, ni na rubuta. Muryar ma ni na ɗauka da wayar Umma ranar da kake yi wa mai gyaran famfo faɗa. Mutum ɗaya kawai na tura wa, ban san zai bazu ba."

"Ƙarya kike! Ina kika iya?"

Injiniya ta sunkuyar da kai. "Ni nake koya mata, Malam. A gida, ran da ba makaranta, a kwamfutata. Ka hana ta ƙungiya, ba ka hana ta shigowa wurina ba. Da ka rufe ƙofa ta riƙa zagayowa ta titi. Duk zanen manhajar gasar nan nata ne. Amma wannan ban san da shi ba."

Shugaba ya yi gyaran murya ya ce tunda abin ya zama na cikin gida, gara a bar shi a gida, yarinya ta ba mahaifinta haƙuri a wuce wurin.

Malam ya ji duk idanun malamai a kansa. Ya san wasunsu dariya suke dannewa. Ya ce, "Na ce ko ɗan wane ne. Ban janye ba. A kore ta."

Shugaba ya ce kora ba ta hannun mutum ɗaya ba ce, ya yanke mata dakatarwa ta ɗan lokaci. Injiniya kuma ta tsaya a kan yaran sai da kowa ya goge wasan a gabanta.

A gida Malam bai ɗauki rula ba. Ya zauna a kujerarsa, Auta na durƙushe, matarsa na tsaye a ƙofar ɗaki.

"Ni kika mayar abin dariya a gari. Ni da na haife ki."

"Ka yi haƙuri, Baba. Na yi kuskure da na sa kayanka na gida."

"Kayan ne kawai kuskuren?"

Ta ɗago. "Tun farkon zango muke aikin gasar nan. Ni kaɗai na san daɗin da na ji ranar da zanena ya motsa a allo. Na so in nuna maka, na san ba za ka kalla ba. Ka tashi a taro ka rushe shi, har kana cewa ka hana taka 'yar, kamar abin alfahari. Ba ni da bakin da zan gaya maka, shi ya sa na yi da abin da na iya."

"To kin gama makaranta. Daga yau ba ke ba ita."

Nan matarsa ta shigo maganar. "A'a, Malam Tafireta, nan kam ba ka isa ba. Yarinya ta yi laifi, an hukunta ta. Amma albasa ce ta yi halin ruwa. Wannan taurin kan a ina ta samo shi? Ka kori 'yar ƙanenka, ka rufe ƙofa, ka ɓata da kowa saboda ƙarafan da ko ɗan gwangwan sai an roƙe shi zai saya. Ramin da ka haƙa ne, ka yi shi da zurfi."

Ya ce duk wadda ba za ta bi dokarsa ba ta bar masa gida. Auta ta tashi ta haɗa littattafanta da kayan makaranta a jaka, ta fita ta titi, ta shiga gidan Direba. A can ta zauna har ta gama sakandare. Da dakatarwar ta ƙare Direba ne ya kai ta makaranta da motarsa, ya tsaya a bakin ƙofa har ta shige aji, yana jiran wanda zai hana.

Ba a daɗe ba iyayen da suka yi hayaniya a taro su ne suka dawo suna tambaya yaushe za a buɗe ƙungiya, don sun ji makarantar da ta ci gasar an ɗauki ɗalibanta horo na musamman. Aka buɗe, da sharaɗin wani malami ya riƙa zama tare da su. Shugaba ya karɓe makullin ƙofar ƙarfe daga hannun Malam cikin dabara, ya ce za a sauya kwaɗo. A shekara ta gaba makarantar ta shiga gasar ta zo ta biyu. Ranar da aka kawo kofin Malam ya ce kansa na ciwo, bai fito taron safe ba.

Haka ya ƙarasa sauran shekarunsa na aiki, yana koyar da ƙananan azuzuwa, ba ya shiga sabgar kowa. In sun haɗu da Injiniya a baranda takan rusuna ta gaishe shi, ya amsa da ka. Ranar da aka yi masa walimar barin aiki ita ta tsara komai, ita ta sa yara suka yi ado da ɗakin taro. Ya sani, bai ce mata sannu ba. Auta ta wuce jami'a, tana karanta abin da ya hana ta. In ta zo hutu takan shigo ta gaishe shi, ta share masa ɗaki, ya tambaye ta lafiyar hanya, ta ce lafiya. Magana ba ta wuce nan. Matarsa ta gaji da zagaye, rannan ta ɗauki taɓarya ta ɓalle sakatar da kanta. Bai mayar ba, amma shi bai taɓa bi ta ƙofar ba.

Wasan kuwa bai mutu ba. Abin da ya shiga waya ya fi ƙarfin gogewa. Ya tsallaka wasu makarantu, ya shiga hannun mutanen da ba su san akwai wani Malam na gaske ba.

Bayan ya bar aiki da 'yan shekaru, wata rana da hantsi yana cikin motar bas zai je ganin likitan ido, sai ya ji muryarsa daga kujerar kusa: "Kai! Kai! Kai!" Wani magidanci ne da kwat da jakar ofis a cinya, ya duƙufa a kan waya yana cije leɓe. Malam ya gyara tabarau ya leƙa. Ga ɗalibin yana gudu, ga gajeren mutumin a bayansa.

Mutumin ya lura ana kallonsa, ya yi murmushi. "Baba, tsohon wasa ne, yarana suka sa mini. Wannan tsohon mugu ne, ban taɓa tsere masa ba."

Kafin ya rufe baki ɗalibin ya yi tuntuɓe da bokiti, tafireta ta sauka a kansa, ƙararrawa ta yi ƙara.

"Madalla," in ji Malam. "Da ma gudu a baranda laifi ne."

Ya buga jikin mota ya ce akwai mai sauka.